Wai Ni Na Ɗaure Ruwa

Shekara biyu a jere ina zuba irin dawata a ƙasa rana tana cinyewa. Ba lalaci ya jawo mini ba, bin jama'a ne. A Birnin Gwari, a zamanin da nake magana, lokacin da Nasara sai dai a ji labarinsu a bakin fatake, da ruwan farko ya sauka kowa zai saɓi sungumi ya nufi gona, wanda ya tsaya kuwa a kira shi rago. Na bi su sau biyu. Sau biyun dawa ta tsiro, ta yi ganye biyu, sama ta ɗauke, ta bushe a tsaye. A ta biyun sai da matata ta je gidan iyayenta ta roƙo mana iri. Na rantse ba za a yi ta uku ba.

Abin da na yi don kada a yi ta ukun shi ne ya ci mini suna a unguwarmu. Na tsufa yanzu, yawancin waɗanda suka yi mini abin suna ƙarƙashin ƙasa, Allah ya jiƙansu, amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Gidana yana can ƙarshen gari, jikin ganuwa, ta ƙofar da ke kallon dajin Kamuku. Daga bayan ɗakunanmu zuwa ganuwa akwai fili mai ɗan faɗi inda matata ke shuka kuɓewa da yakuwa, ga rumbu biyu, ga tsamiya guda. Wata rana aka manta turmi a waje aka yi ruwa mai tsawa da rugugi, irin wanda ke sa a ce an yi ruwan shekara. Da na leƙa turmin sai na ga ruwan ciki ko farcena bai rufe ba. Bayan kwana huɗu aka wuni ana yayyafi shiru, ba wanda ya ko ambace shi, na tarar da turmin ya tara ninkin wancan. A nan na gane kunne ke ruɗinmu. Muna auna ruwa da ƙararsa.

Turmi bai yi mini ba, don gindinsa tsukakke ne. Tukwanenmu kuwa duk baki ƙarami ciki ƙato. Na sami wata tsohuwa Bagwariya da ke kawo tukwane kasuwa daga wajen Kazage, na ce ta gina mini tukunya miƙaƙƙiya kamar ganga, faɗin bakinta daidai da faɗin gindinta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Tukunya ba ciki? Mai gida, me za ka dafa?"

"Ruwan sama zan auna, Inna."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, ta kira 'yan uwanta su zo su ji. Amma kasuwa biyu da suka zagayo ta kawo ta, kuma ban taɓa ganin aiki mai kyau kamarsa ba. Ita dai dariya kawai ta yi mini. Da mutanen unguwarmu sun tsaya a dariya da ban rubuta wannan ba.

Rabin damina na yi ina yawo da tukunyar nan a bayan gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Na fara ajiye ta kusa da ɗaki, ta cika fal a ruwa ɗaya, ashe zubar jinka take sha. Na kai ta wajen tsamiya, ganye ya tare rabi, sannan bayan an ɗauke ya yi ta ɗiga mata. Jikin danga kuwa, in ruwa ya zo a karkace daga gabas, dangar ta kare shi. Na dawo da ita tsakiyar fili na ajiye a ƙasa, awaki suka mai da ita wurin shan ruwa, kaji suka hau baki, feshin ƙasa yana faɗawa ciki. Rannan na fito da karan awona, wato karan dawa da na yi wa tsaga daidai gaɓoɓin yatsana, na tarar da bunsurun maƙwabci ya riga ni aunawa. Na jefe shi da takalmi, ban same shi ba, na sami tulun matata.

Daga ƙarshe na bi masu itace zuwa bakin daji na saro itacen ƙirya mai rassa uku, don ita gara ba ta cinta da wuri. Na auna taku goma sha biyar daga rumbu, ashirin daga tsamiya, na haƙa rami har gwiwar hannuna ta nutse, na kafa ta na daddale da tsakuwa. Tsayinta daidai ƙirjina. Na ɗora tukunyar a tsakanin rassan, na zuba ruwa kaɗan ina gyara zamanta da ɓawon itace har ruwan ya kwanta daidai ta kowane gefe. Na kewaye gindin da ƙaya saboda awaki. Gefe guda na kafa doguwar gora na ɗaura mata farin ƙyalle a ka, don in riƙa ganin inda iska ta fito.

Matata ta fito daga madafa ta tsaya tana kallo.

"Malam, wannan fa ya yi kama da jigon masu tsafi. Itace mai rassa, tukunya a kai, ga farin ƙyalle. Saura jinin kaza."

Na ce mata duk unguwar nan wa bai san ni ba? Tare muka yi karatun allo da rabinsu. Ta ce to, ta koma ciki. Na ji haushinta a ranar, na kuma fi jin haushi daga baya da ya zamana ita ce mai gaskiya.

Sauran daminar, duk ruwan da aka yi sai in tsoma kara, sannan in je gona in tona in ga inda laima ta tsaya, in ja layi da gawayi a jikin rumbu. Kafin kaka na san abin da nake nema. In ruwa bai kai gaɓa guda a tukunya ba, laimar ba ta wuce yatsu huɗu a ƙasa, kwana uku rana ta shanye ta. In ya kai gaɓa da rabi, ka shuka ka yi barcinka. Iyakar ilmina ke nan. Ban san gobe ba, jiya kawai nake aunawa. A shekarar ruwa ya wadata, saboda haka ba wanda ya damu. Suna dai tsokanata a zaure, suna ce mini mai gadin tukunya, ni ma ina dariya.

Danga ɗaya ta raba ni da wani wanzami, sa'ana ne, shi ke yi mini aski tun muna samari. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Amma mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa, kuma sana'arsa ta ba shi kan kowa a hannu. Abin da ya ji da hantsi, kafin la'asar ya zuba shi a kunne goma, kowane kunne da ƙarin gishiri.

Da bazara ta zagayo, ruwan farko ya zo da guguwa mai ban tsoro, ya yaye jinkar mutane, ya karya reshen tsamiyata. Da safe na tsoma kara, rabin gaɓa. Na ce ko don tukunyar ta ɗan karkace ne, na je na tona ƙasa, laima yatsu uku. Tukunyar kuwa saura kaɗan ta faɗo. Na ɗauko igiyar rama na yi mata ɗamara a wuya, na ja igiya uku zuwa turaku uku da na kafa a ƙasa, na ɗaɗɗaure tam. Ina cikin ƙulla ta ƙarshe wanzami ya leƙo ta kan danga da sungumi a kafaɗa.

"Kai mai gadin tukunya, gari duk ya tafi shuka, kai kana nan?"

"Wannan ba ruwan shuka ba ne," na ce masa. "In za ka ji tawa, ka riƙe irinka. Ni dai bari in ɗaure abin ruwan nan tukuna, ma ga abin da sama za ta yi."

Abin da na faɗa ke nan, kalma da kalma, Allah shi ne shaida. Ya yi dariya ya wuce.

Sama ta ɗauke. Kwana bakwai, kwana goma, kwana goma sha biyar. Dawar mutane ta tsiro ta murɗe ta zama kamar tsintsiya. Nawa irin yana rumbu. Ban yi murna ba, wa zai yi murna? Na san ɗacin abin, na sha shi sau biyu. Kullum ina fita in dubi gabas kamar kowa.

Ban san ranar da maganata ta canza kama ba. Abin ruwa dai ya zama ruwa. Aka ce na faɗa da bakina cewa zan ɗaure ruwa. Aka ce in ba haka ba, yaya aka yi duk unguwa ni kaɗai na ƙi shuka? Matan da ke shigowa ɗiban wuta suka daina. Matata ta je rijiya, ana ganinta hira ta mutu. Wani ya ce ya ƙirga ƙullin igiyoyin ta kafar danga, wai bakwai ne, alhali ko shi ya ɗaure jakinsa ƙullin da zai yi ke nan. Ni ne na ƙarshen ji, kuma da na ji dariya na yi, don ban ɗauka mai hankali zai yarda ba. Kowa a ƙasar nan ya san ana cewa akwai masu ɗaure ruwa, masu rini ko masu ginin da ba su gama rufi ba, amma kullum a wani gari suke, ba wanda ya taɓa nuna ɗaya da yatsa. Ashe an gaji da nema a nesa.

Aka sa roƙon ruwa kwana uku a bayan ganuwa. Na fita duk ukun, rigata a juye kamar ta kowa, rana tana dukan ƙeyata. A rana ta uku da aka shafa, maimakon kowa ya kama hanyar gidansa sai na ga jama'a suna bin bayana. Limamin unguwarmu yana gaba, dattijo ne mai ilmi da sanyin hali, wanda nake ganin girmansa kamar mahaifina. Ya ce suna son su ga abin da na kafa. Na ce bismilla. Maza kusan talatin suka shige mini gida, suka tattake kuɓewar matata, ita kuwa tana ɗaki ta saki asabari.

Na danne zuciyata na yi musu bayani tiryan-tiryan. Na kawo ludayi na zuba ruwa a tukunyar, na tsoma kara, na nuna tsagar. Na kai su jikin rumbu na nuna layukan gawayi. Liman ya karɓi karan yana jujjuyawa.

"Me ya sa ba ka sa ta a inuwa ba, kada rana ta shanye?"

"Allah gafarta Malam, ganye yana tare ruwa. Shi ya sa nake aunawa da sassafe."

Ya gyaɗa kai. Wallahi ya gane, na ga ganewar a idonsa. Har na fara jin sanyi a raina, sai wanzami ya matso.

"To in awo ne, me ya kawo ɗauri? Ni dai ban taɓa ganin an ɗaure mudu ba."

"Saboda iska na ɗaure ta mana!"

Sai wani daga baya ya ce, "A'uzubillahi."

"Farin ƙyallen fa?" in ji wanzami, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ke nuna mini in iska ta zo, da inda ta fito."

Sai da na rufe baki na ji abin da kunnensu ya ji. Ni ina nufin iskar da ke yaye jinka, su kuwa sun ji iskar da ake yi wa yanka, mai hawa kan mutane. Na ce, "Iskar hadari nake nufi, jama'a! Guguwa!" Ina ƙara ɗaga murya suna ƙara ja da baya. Mutanen da suka ga guguwar nan da idonsu, wasu har yanzu ɗakunansu ba rufi, su ne suka tsaya suna kallona kamar na tsiro ƙaho. Na ce wa wanzami, kai da ka shekara ashirin kana riƙe da kaina, ka taɓa ganin laya ko ɗaya a wuyana wadda ba ta Alƙur'ani ba? Ya ce shi fa bai ce komai ba, tambaya kawai ya yi. Da ba don liman ya riƙe mini hannu ba, da na fasa masa baki, in ya so a kai ni gaban alƙali da dalili.

Liman ya ja ni gefen rumbu.

"Ɗana, ni na fahimta. Awo ne, ba komai. Amma mutanen nan irinsu ya ƙone, hankalinsu ba ya jikinsu. Ka kwance igiyar. In ka kwance ba a yi ruwa ba, ka ga ka fita ke nan."

Na ɗaga kai na dubi ƙyallen. Kwana ashirin yana rataye kamar matacce, amma tun jiya ya fara motsi, yau kuwa ga shi yana kaɗawa, iskar tana fitowa daga kudu maso yamma, mai laima, irin wadda ke sa gishiri ya jiƙe a ƙwarya. Zafin ranar ma mai nauyi ne, gumi ba ya bushewa. Damina guda na yi ina kallon ƙyallen nan. Na san abin da ke tafe, kuma duk cikin taron ba wanda ya kai ni sani.

"Allah gafarta Malam, a ba ni kwana uku. A bar ta a ɗaure yadda take. In sha Allahu za a yi ruwa tana ɗaure, kowa ya gani da idonsa."

Na yi maganar a hankali, amma kunnen wanzami ba ya barci.

"Kun ji ko? Har ranar ma shi ke yankewa."

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce 'ya'yansa ba za su ƙara kwana uku suna jiran ruwa don jin daɗina ba. Wani ya ɗauki taɓaryar matata. Liman ya dube ni, ya ce a hankali, "Ka kwance." Na duba ko akwai mutum ɗaya da zai ce a saurara masa. Akwai waɗanda na ba aron fartanya, akwai wanda na ɗauki gawar mahaifinsa a kafaɗata. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Na durƙusa na kwance. Ƙullin ya ciza, sai da na sa haƙori. Ɗaya, biyu, uku. Na tattara igiyar na jefa a gaban wanzami na ce ya kai gida ya ɗaure bakinsa. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mini sannu.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba sai matata. Bayan azahar gabas ta fara haɗa baƙi. Ni manomi, ɗan manomi, da iri a rumbu da iyali a ɗaki, wanda ya yi kwana uku a rana yana roƙon ruwa, na tsaya a bayan gidana na ɗaga hannu ina roƙon Allah kada ya saukar da shi yau. Na ce ya Ubangiji, gobe, ko jibi, ka ba ni ko kwana ɗaya. Ina roƙo ina jin kunyar abin da nake roƙo. Wannan ne abin da ban yafe musu ba, sun sa na roƙi fari a kan garinmu.

Kafin la'asar ta yi sanyi aka tsuge. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, har magariba bai tsagaita ba. Ina jin guɗar mata ta ko'ina. Iskar farko ta ɗauke tukunyar ta maka ta a kan turke, ta rabe uku. Ruwan da ya fi kowane ruwa a shekarar, ban san ko gaɓa nawa ba ne.

Washegari da hantsi ina zaure ina auna iri, na ware na gonata, sauran na kasa don maƙwabta, tunda na san ba su da shi. Sai ga wanzami. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa, shi da muke cin tuwo a akushi ɗaya.

"Malam, mun gode. Allah ya saka da alheri da ka yi haƙuri ka sake mana."

Na ce ya tashi ya fita mini daga gida. Ya tashi da sauri yana ba ni haƙuri, da baya da baya ya fita, kuma tsoro ne fal a fuskarsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Irin kuwa sun karɓa, don yunwa ba ta bar musu zaɓi ba, amma na ji sai da aka kai aka yi masa tofi kafin ya shiga ƙasa.

Na je wurin liman na ce, Malam, kai ka riƙe karan nan da hannunka. Ka faɗa musu a masallaci. Kalma biyu daga bakinka ta isa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ruwa ya sauka, an zauna lafiya. Tada maganar ba zai amfani kowa ba. A hankali za su manta."

Na ce zai amfane ni. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Da azahar na tafi masallaci kamar kullum, na tsaya a sahun farko inda na saba tsayawa tun ina saurayi. Aka ta da iƙama. Na dama da ni ya ɗan matsa, na hagu ma ya ɗan matsa, har ya zama akuya za ta iya wucewa ta kowane gefena. Liman ya juyo kamar yadda ya saba, ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, kada a bar gurbi. Ya dube ni, ya dubi dama da ni, ya dubi hagu. Sannan ya juya ya kabbarta salla.